Na ce masa mushriki a gidan kallon ƙwallo, yanzu za su kai ni ƙara

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam. Ni matashi ne a unguwar Yelwa, nan Garwa ta ƙasar Kamaru, ina sayar da kayan waya. Ni ɗan Madrid ne, maƙwabcina kuma ɗan Barcelona, tare muka yi makarantar allo. Gidansu 'yan ɗariƙa ne, ni kuwa ina karatu a masallacin da ba a wazifa. Ran da ƙungiyoyin suka haɗu muna gidan kallo, da aka zura musu ta biyu sai na miƙe na ce, "Ku je ku roƙi shehunku ya rama muku, mushirikan banza." Aka kwashe da dariya. Shi kuma ya ce, "Rufe mana baki, ɗan Boko Haram." Muka cakumi juna har aka raba mu. Wani yaro ya ɗauka a waya, da safe na karɓa na tura zauren WhatsApp na unguwa don a ji abin da ya ce mini. Yanzu yayansa ya ce sai sun kai ni kwamisariya, wato ofishin 'yan sanda. Malam, ina da zunubi alhali wasan ƙwallo ne kawai? Wani ɗalibi ya ce mini ɗan bidi'a ba shi da alfarma, faɗin aibinsa gargaɗi ne. Sannan ya halatta musulmi ya kai ɗan'uwansa ƙara a dokar da ba shari'a ba?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, na gode da ba ka ɓoye abin da ya fito daga bakinka ba, domin da yawa in sun kawo irin wannan, zagin da aka yi musu kawai suke kawowa.

Haramcin zagin musulmi da jifansa da mummunan laƙabi ba abin da zan tsaya kafa maka hujja a kai ba ne, ka san ayar Hujurati, ka san hadisin da ya ce zagin musulmi fasiƙanci ne. Inda na tsaya a wasiƙarka kalmomi biyu ne: "da safe". Da a ce abin ya ƙare a gidan kallo, cikin zafin kwano da ƙarar janareta da ihun samari a kan benci, da na ce harshe ne ya kuɓuce, ka yi istigfari ka nemi afuwarsa, shi ke nan. Amma ka koma gida, ka kwanta, ka tashi ka yi Asuba, jininka ya huce, sannan ka je ka nemi yaron nan ka karɓi bidiyon, ka zaɓi zauren da iyayenku da ƙannenku suke ciki ka tura. Wannan ba fushi ba ne kuma ba wasa ba ne, aiki ne da aka yi da niyya. Ka ce don a ji abin da ya faɗa maka ne. To, ai muryarka ce ta fara fita a ciki. Da hannunka ka ɗauki kalmar da mutum hamsin suka ji ka kai ta kunnen unguwa duka, har da mahaifinsa, wanda wataƙila kuna haɗuwa da shi a jana'iza da ɗaurin aure. Don haka zunubi biyu ne a kanka, na faɗa da na yaɗawa, kuma na biyun ya fi nauyi a wajena.

Kalmar da ka faɗa kuma ba ta cikin barkwancin ƙwallo. Da cewa ka yi ƙungiyarsu ba ta iya komai ba, ko mai tsaron gidansu kwando ne, ba wanda zai kawo mini wannan a matsayin tambaya. Mu ma mun tashi mun tarar da wasa tsakanin Fulani da Barebari, da tsakanin taubasai, ana faɗa wa juna magana mai zafi ana dariya, amma ko a nan ba a taɓa addinin mutum, ba a taɓa uwarsa. Kai kuwa ka jefi wanda yake salla yana fuskantar alƙiblarka da shirka. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya ce wa ɗan'uwansa kafiri, ɗayansu zai koma da ita. Malamai sun fassara cewa laifin kalmar ne yake komawa kan mai faɗa, don haka ban ce ka fita daga Musulunci ba, kada shaiɗan ya sa maka wannan waswasin. Amma babban zunubi ne, kuma dariyar da aka yi ba ta rage masa komai ba.

Yanzu maganar ɗalibin nan, wadda ita ce ta fi damuna, don na sha jin ta a bakin yara masu son addini da gaske. Asalinta akwai ƙamshin gaskiya. Malamai, ciki har da Imam Nawawi, sun ambaci wurare shida da ya halatta a faɗi aibin mutum, daga ciki akwai gargaɗin musulmi daga sharri, da ambaton wanda yake bayyana fasiƙancinsa ko bidi'arsa. Amma ka duba sharuɗɗan da suka gindaya: niyya ta zama nasiha, a tsaya daidai gwargwadon buƙata, a faɗi abin da yake yi ɗin kaɗai ba a ƙara ba. Ka gaya mini tsakaninka da Allah, lokacin da ƙwallo ta shiga raga ka miƙe tsaye, nasiha ce a ranka? Wa kake gargaɗa, kuma daga me? Da su ne suka ci, da ka tuna da aƙidarsa a daren? Abin da ya motsa ka murnar nasara ce, sai ka laluba ka ɗauko abin da ka san zai fi yi masa ciwo, ka same shi a addini. Wannan amfani ne da tauhidi a matsayin sandar dukan abokin hamayya, kuma tauhidi ya fi ƙarfin haka.

Sannan ko a inda gargaɗi ya halatta, gargaɗi daban, zagi daban. Allah ya aiki Annabi Musa da Haruna wurin Fir'auna, mutumin da ya ce shi ne ubangiji mafi ɗaukaka, ya ce su yi masa magana mai laushi. A Suratul An'am ya hana a zagi abin da mushirikai na ainihi suke bauta wa, don kada su rama da zagin Allah. Idan gunki ma an hana zaginsa saboda abin da zai biyo baya, ina ga shehin da ɗan'uwanka musulmi yake girmamawa? Kuma hukunta wani mutum takamaimai da shirka aikin malami ne da alƙali, bayan an zauna da shi, an ji me yake nufi, an kawar masa da shubuha. Ba a yin sa a tsaye a gaban talabijin. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda tutarsa ce Modibbo Adama ya kawo wannan ƙasa tamu, ya yi rubutu mai yawa yana yaƙar ɗaliban zamaninsa da suke gaggawar kafirta talakawa. Saɓanin da ke tsakanin masallacinku da nasu saɓani ne na gaske, ina da abin da nake gani a kai kuma ina faɗarsa a zauren karatu da littafi a buɗe. Wanda ya ce maka an yarje ka kai shi gidan kallo, ya karanta rabin babi ne ya rufe.

Shi ma abokin naka bai tsira ba. Hadisi ya ce masu zagin juna laifin yana kan wanda ya fara, matuƙar wanda aka zalunta bai wuce iyaka ba, kuma ya wuce. A wannan yanki, inda mutanen Kolofata da Fotokol da Mora suka binne 'yan'uwansu, inda tun 2014 akwai dokar ta'addanci mai kai mutum kotun soja, cewa da wani ɗan Boko Haram a bainar jama'a na iya jawo masa abin da ba ya gyaruwa. Ƙazafi ne, dole ya janye. Sai dai ka lura, kai ne ka yaɗa wannan ƙazafin a kan kanka.

Batun doka kuwa, ya kamata ka san inda kake tsaye. Sashe na 241 na kundin hukunta laifuka na Kamaru, kamar yadda aka gyara shi a Disambar 2019, ya tanadi ɗaurin kwana 6 zuwa wata 6 da tarar sefa 5,000 zuwa 500,000 ga wanda ya ci mutuncin addini ko launin fatar wasu 'yan ƙasa. Idan ta jarida ko rediyo ko kafafen sada zumunta aka yi, tarar na iya kaiwa miliyan 20, kuma ana ninka hukunci idan an yi don tayar da ƙiyayya. Sashe na 241-1 da aka ƙara a lokacin ya shafi cin mutuncin ƙabila, ɗaurin shekara 1 zuwa 2. Yadda alƙali zai ɗauki naka zancen, wannan lauya za ka tambaya, amma ka ga turawar nan ta safe ita ce ta ƙara maka nauyi a dokar ma. Kai ƙara don kare mutunci ko tunkuɗe cuta, inda babu wata hukuma mai iya tilastawa sai wannan, ya halatta, kuma dokar da ta hana cin mutuncin addinin mutane ba ta umarce ka da saɓon Allah ba, don haka bin ta wajibi ne.

Ba mu kaɗai wannan ciwon ya kama ba. A birnin Gilasgo na ƙasar Sikotilan, magoya bayan ƙungiyar ƙwallo ta Celtic mafi yawansu 'yan Katolika ne, na Rangers kuma Furotesta, sun shafe fiye da shekara ɗari suna rera wa juna waƙoƙin cin mutuncin ɗariƙa. Rangers ta yi gomman shekaru tana ƙin ɗaukar ɗan wasan da aka san Katolika ne, har zuwa 1989. A 2012 majalisarsu ta yi doka ta musamman a kan haka, mai ɗaurin da zai iya kai shekara 5, a 2018 ta soke ta bayan ƙorafin cewa tana takura wa 'yan kallo kuma sauran dokoki sun wadatar. Ina ba ka labarin ne don ina tsoron ranar da gidajen kallonmu za su rabu, wannan na 'yan wazifa, wancan na waɗanda ba sa yi. A 2022, lokacin gasar kofin Afirka, na ga baƙi daga Yola da Kano suna shimfiɗa darduma kusa da filin wasa na Roumdé Adjia a nan Garwa, kowa ya bi wanda ya shiga gaba, ba wanda ya tambayi liman masallacin da yake zuwa.

Abin da za ka yi shi ne, tun yau ka goge bidiyon, ka roƙi waɗanda suka ajiye su goge. A zauren da ka tura, ka rubuta da sunanka cewa ka yi kuskure ka janye kalmar, domin laifin da aka yi a fili a fili ake gyara shi. Sannan ka ɗauki mahaifinka ko kawunka, ku je gidansu da limamin unguwa ko jauro, wato mai unguwa, ka durƙusa ka gaida mahaifinsa ka nemi gafara, kada ka sa sharaɗin sai shi ma ya ba ka haƙuri. In dattawan sun san aikinsu, su za su sa ya janye tasa. Ga yayan nasa kuma, in wannan ta kai gare shi, ina cewa yana da haƙƙin kai ƙara, amma sulhu ya fi, kuma takarda in ta shiga hannun hukuma ba lallai ta tsaya inda mai ita ya so ba, ƙaninsa ma yana cikin bidiyon.

Akwai abin da ba ka tambaya ba. Wasannin Turai da yawa suna faɗawa a kan Magariba ko Isha'i, ka duba ina sallarka take a waɗannan dararen. In kana sa kuɗi a kan sakamakon wasa, caca ce, ka bari, ita ce ma take sa zuciya ta yi zafin da ka gani. Kuma ka huta da gidan kallon nan na wata ɗaya ko biyu, har sai ka ji za ka iya zama kusa da shi a benci guda a ci su ko a ci ku bakinka bai taɓa shehinsa ba. Ɗalibin nan ma, in zai yarda, ka zo mini da shi mu buɗe babin tare.

Wallahu a'alam.