Ƙarar Farkon Kaset: Amsa Ga Ɗan Ƙanwata

Ɗana, saƙonka ya iso, har sau biyu na saurare shi saboda dariya. Ka ce ka ga hoton bidiyon yinin Sallah da aka turo daga gidana: 'yan'uwanka, garada da matan aure masu goyo, sun kewaye wata tsohuwar na'ura, an cusa kaset, ƙara ta taso kamar jirgi zai ɗaga, kowa ya toshe kunne yana ƙyalƙyata dariya, sannan aka zare kaset ɗin ba a kalli komai ba. Kake cewa, Kawu, wace irin al'ada kuka tsinta a Amurka, a tuƙa tuwo a lashe miya a tashi?

To gyara zama. Lokacin da na sauka a unguwar Bronx ta birnin New York, farkon shekarun 1990, yawancinmu gwauraye ne masu tuƙin tasi. Mutum huɗu ko biyar a gida ɗaya: 'yan zangon Kumasi da Nima na Gana, mutanen Maraɗi da Damagaram, da mu 'yan Najeriya da ba mu kai su yawa ba. Ba dandali, ba gindin bishiya, ga sanyi mai hana leƙa waje. Majalisarmu ita ce falon wanda ya fi kowa kayan kallo. Daren Lahadi a dafa wake da shinkafa irin na mutanen Gana, 'yan Nijar su ɗora shayi, wani ya biya shagon hayar kaset ya ɗauko biyu ko uku.

Kaset ɗin nan ƙasar ba ya faɗawa cikin fim kai tsaye. Sai an nuna gargaɗin hukumar binciken laifuka ta FBI a kan masu kwafi ba izini, a yi tallan wasu finafinan, duk waɗannan gaba muke turawa. Amma daga tsakiyar shekarun 1990 wasu kasakasan suka riƙa zuwa da wani abu da ba mai taɓa rimot idan ya fito. Allo ya yi baƙi, shuɗin layi ya zana akwati, sai wata 'yar ƙara ta soma can ƙasa kamar taron ƙudan zuma a kogon kuka. Muryoyin su yi ta yawo ba su daidaita ba, sai su rabu, masu kauri su gangara har ka ji kujera na rawa, sirara su haura sama, a ƙarshe duk su haɗu su tsaya cak a kan amo guda. A daidai nan haruffa uku masu ƙyallin azurfa suke bayyana: THX. Duka-duka abin bai wuce rabin minti ba.

Wannan ƙarar ba ganga ba ce, ba kakaki ba. Wani masanin kwamfuta mai suna James Moorer ne ya haɗa ta da muryoyi 30 da na'ura ta ƙirƙira, aka fara jin ta a gidajen silima a 1983. Kamfanin mai shirya finafinai George Lucas ne ya kafa THX a shekarar, injiniyan da ya tsara shi kuma Tomlinson Holman. Mun daɗe muna zaton wani irin sauti ne na musamman da aka zuba a cikin kaset. Ashe hatimi ne kawai, shaidar cewa an duba yadda aka juye fim ɗin, hoto da murya, an ga ya kai ma'auninsu. Kamar dai dillalin da ka yarda da shi ya dafa buhu ya ce maka ɗauka, na duba.

Wanda yake aikin gaske shi ne ɗan tambarin nan mai harafin D biyu da ke jikin kwali, na Dolby. Ray Dolby ya kafa kamfaninsa a Landan a 1965, aikinsa na farko rage shuuu ɗin da zaren ɗaukar murya ke yi. A 1982 suka kawo wa gidaje dabarar naɗe hanyoyin sauti huɗu cikin biyu. Idan kana da amfilifayar da ta san karatun, sai ta warware su: hagu, dama, tsakiya, da bayanka. Idan ba ka da ita, hagu da dama kawai za ka ji. Shi ma hagu da daman galibi sai na'urarka mai Hi-Fi ce, sabuwar hanyar naɗar murya da ta shigo tsarin kaset ɗin bidiyo na VHS a 1984. Tsohuwar hanya ita ce a rubuta murya a siririn layi a gefen zare, ita kuwa Hi-Fi kan na'ura mai juyawa, wanda ke bi ta kan zare, shi ne yake binne muryar a ƙarƙashin hoto. Sababbin tsarin sauti, Dolby Digital na 1992 da DTS na 1993, masu nasu tallan na gani na faɗa, kaset bai iya ɗaukarsu ba, sai silima da faifai.

Ka ga ke nan wannan rabin mintin shi ne jarrabawar mai gida. Mutum ya shekara yana tara kuɗin tasi, ya sayi amfilifaya da lasifika biyar, ya bi bango da waya, sai ya gayyace mu shan shayi. Kowa ya san ba shayin ba ne. Za a sa kaset mai tambarin, a ƙure murya, a yi tsit. Idan lasifikar ta ɗauki kaurin ƙarshen ba ta yi kakari ba, a ce masa Alhaji kaya sun yi, Allah ya sa a kashe lafiya. Idan ta yi ɓarrr kamar an yaga ƙyalle, ya shiga bakin 'yan zango har wata Sallar. Ni kaina na sha wannan kunyar da wasu lasifikun gwanjo. Gidajen nan kuma daɓen katako ne, sai ka ji maƙwabcin ƙasa yana dukan rufinsa da ƙotar tsintsiya.

Da muka yi aure iyali suka zo, abin ya sauya hannu. Kasakasan zanen yara da yawa suna ɗauke da tambarin, yaro kuwa kaset ɗaya zai kalla sau hamsin. Babbar 'yata, wadda ka gani da goyo, da ta ga shuɗin layin nan sai bayan kujera, yatsu a kunne, tana kiran uwarta. Ƙanenta kuma shi ne mai tariyowa baya da gangan don ya tsokane ta. Duk gidan Bahaushen da ka shiga a unguwar labarin ɗaya ne. Abin da ka gani ranar Sallah ke nan: suna yi wa tsoron ƙuruciyarsu dariya, kamar yadda ku a can kuke tuna dodon da aka riƙa ba ku tsoro da shi a zaure.

Kada fa ka ɗauka kasakasan Turawa ne suka fi daraja a falonmu. Duk wanda ya dawo daga gida, kafin a tambaye shi kilishi da daddawa, kaset ake tambaya: wasan Hausa daga kasuwar Ƙofar Wambai, wa'azi, hawan Sallah, bikin 'yan'uwa. Nan wahala take. A lokacin Najeriya da Gana tsarin talabijin na PAL suke bi, layi 625 da hoto 25 a daƙiƙa. Nijar ta bi Faransa a kan SECAM. Amurka kuwa NTSC, layi 525 da hoto kusan 30. Ka sa kaset ɗin Kano a na'urar nan, hoto ya dagargaje, muryar dattijo ta koma ta jariri don zaren ya fi gudu. Dole ka nemi na'ura mai cin kowane tsari, mai tsada, ko ka kai shago a juye maka. Wanda ya mallaki irin wannan na'urar, ko lasifikarsa ɗaya ce tal, falonsa ya fi na mai lasifika biyar cika.

Su waɗannan ba tambari ba hatimi. Kwafin kwafi ne, an juye an sake juyewa, murya a siririn layin gefe, shuuu ɗin da Dolby ya yi suna wajen kashewa yana nan daram. Wani yaro a durƙushe gaban na'ura yana murɗa tirakin, maɓallin daidaita hoto, don layukan ƙasan allo su kwanta. Amma nan za ka ga ƙato ya yi shiru yana share ido don ya hango ƙofar gidansu a bayan mai rawa. Irin waɗannan muke kallo har na'ura ta tauna zaren, a kwance kaset da sukuddireba, a yanke wurin da ya cukurkuɗe, a liƙe da salatif.

Faifan DVD ya shigo nan a 1997, kafin shekara goma shagunan haya sun kwashe kaset daga kanta. Kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera na'urar, ya daina a 2016. Tawa da ka gani lallaɓa ta nake yi, sau ɗaya ko biyu a shekara ake kunna ta, sai na goge kan da auduga tukun.

A kwalin da aka ciro wancan kaset ɗin akwai na bikin iyayenka, wanda aka aiko mini saboda ban samu zuwa ba. Hoton ya koɗe, amma guɗar kakarka tana fita tar, ita kaɗai ta danne makaɗan. Na sa ƙanenka ya juye shi a kwamfuta. In ya gama zan turo maka, ka kai wa mahaifiyarka, ka ce yayanta yana gaishe ta.