Ku Tambaya Mu Amsa: Yadda Singafo Ta Faɗa Hannun Japan

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, na sha jin ana cewa Japan ta ƙwace Singafo daga hannun Turawan Ingila a Yaƙin Duniya na Biyu ne saboda manyan igogin da ke tsaron birnin teku kawai suke fuskanta, maƙiya kuma suka ɓullo ta baya. Shin haka abin yake? Kuma yaya mutanen birnin suka rayu bayan nan? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam. Wannan magana ta igogi ta daɗe tana yawo, amma ba ita ce gaskiyar lamarin ba, domin yawancinsu ana iya juya bakinsu zuwa tudu, kuma an juya su an yi harbi. Matsalarsu ita ce harsasan da aka tanada galibi na huda jikin jirgin ruwa ne, waɗanda ba su yin wata ɓarna ta a-zo-a-gani ga sojan da ke tafe a ƙasa.

A ganina, tun kafin a iso tsibirin Singafo aka ci Birtaniya da yaƙi. Sojojin Japan sun sauka a Kota Baru, arewacin Malaya, ƙasar da ke arewa da Singafo, ranar 8 ga Disamba 1941, kuma bayan kwana biyu jiragensu na sama suka nutsar da manyan jiragen ruwan yaƙi biyu da Turawa ke tinƙaho da su, wato Prince of Wales da Repulse. Daga nan teku da sararin sama suka koma hannun Japan. Dakarun Japan ƙarƙashin Janar Yamashita suka nausa kudu da tankokin yaƙi, abin da Turawa kusan ba su da shi a Malaya, da yawansu kuma a kan kekuna, suna zagaye duk shingen da aka kafa musu ta cikin dajin da hafsoshin Birtaniya suka ɗauka ba ya ratsuwa. Raina abokin gaba ya yi wa Turawa illar da ta fi ta igogi, don da ma an ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ranar 31 ga Janairu 1942 sauran sojojin Birtaniya suka ja da baya zuwa tsibirin, suka fasa gadar da ta haɗa shi da Johor, kudancin Malaya. Japanawa suka tsallako a daren 8 ga Fabrairu, cikin mako guda kuma suka kama madatsun ruwan shan birnin. Janar Percival, kwamandan sojojin Birtaniya, ya miƙa wuya ranar 15 ga Fabrairu a masana'antar motoci ta Ford da ke Bukit Timah, aka kama sojoji kimanin 80,000, Turawan Ingila da Indiyawa da 'yan Ostareliya, alhali sun ninka maharan yawa. Abin takaici ga Turawa, shi ma Yamashita a lokacin harsasansa sun kusa ƙarewa.

Game da zaman mamaya, an sauya wa birnin suna zuwa Syonan, aka mai da agogo daidai da na Tokyo, aka kuma tilasta koyar da Japananci a makarantu. Sinawa ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu, domin kwanaki kaɗan bayan faɗuwar birnin aka tara mazajensu ana tantancewa, waɗanda aka zarga da goyon bayan ƙasar Sin kuwa aka kwashe su a manyan motoci zuwa bakin teku aka harbe, kisan da ake kira Sook Ching, wanda ya ci dubban rayuka. Fursunonin yaƙi an tsare su a sansanin Changi da ke tsibirin, aka tura da yawa aikin shimfiɗa layin dogo tsakanin Tailan da Bama, inda yunwa da cuta suka hallaka dubbai. Talakawa kuwa shinkafa ta yi musu wuya har suka koma ga rogo da dankali, takardun kuɗin da Japan ta buga, waɗanda ake yi wa laƙabi da kuɗin ayaba saboda hoton da ke jikinsu, suka yi ta zubewa a daraja. Haka aka zauna shekara uku da rabi, sai ranar 12 ga Satumba 1945 hafsoshin Japan suka sa hannu a takardar miƙa wuya a gaban Mountbatten, babban kwamandan sojojin ƙawance a yankin, a cikin birnin nan da suka ci.