Wa ake sa ran zai lashe tseren keke na Tour de France?

Ɗan'uwa, ka tambayi wanda ya fi kusa da lashe gasar, kuma a ganina Tadej Pogačar na ƙasar Sloveniya ne ke kan gaba, domin ya ɗauki rigar ɗorawa, wadda ake ba wanda ya lashe gasar, a 2020, 2021, 2024 da 2025, kuma yana da ƙarfi a hawan dutse da kuma tseren da kowa ke yi shi kaɗai ana auna masa lokaci. Babban abokin karawarsa shi ne Jonas Vingegaard na Denmak, wanda ya doke shi a 2022 da 2023, musamman a dogayen hawa na tsaunukan Alps, inda ƙungiyar Vingegaard, wato Jumbo-Visma, ta riƙa gajiyar da Pogačar kafin a kai ƙoli.

Remco Evenepoel na Beljiyam, wanda ya zo na uku a 2024, gwani ne a tseren agogo, wato wanda kowa ke yi shi kaɗai, amma tsaunuka masu tsayi sukan rage masa ƙarfi. Ka lura kuma cewa gasar matakai 21 ce cikin mako uku, saboda haka faɗuwa ɗaya a makon farko tana iya rushe duk wannan lissafi.