Ƴan fashi sun kashe maigidana: inshora za ta biya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ƴan bindiga sun tare maigidana a hanyar Madarunfa, suka harbe shi. Yana da inshorar rai da sunana da na yaranmu. Ƙanensa ya ce kamfani ba ya biyan mutuwar kisa. Haka ne? Daga wata ƴar'uwa, unguwar Zariya, Maraɗi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari.

Maganar ƙanin nasa ba daidai ba ce. Nijar tana bin dokar inshora ta CIMA, ƙungiyar ƙasashen Afirka da ke kula da harkar inshora, wadda aka ƙulla yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, kuma babu inda dokar ta hana iyalin wanda aka kashe haƙƙinsu. Wanda sashe na 78 ya hana shi ne mai cin gajiyar da kotu ta hukunta kan kashe mai inshorar da gangan, kamar yadda shari'a ta hana mai kisa gado. Sashe na 66 kuma ya soke biya idan mutum ya kashe kansa cikin shekaru 2 na farkon kwangila. Duk ba su shafe ki ba.

Inda ake samun tangarɗa shi ne cikin kwangilar kanta. Ki ɗauko ta, a karanta miki shafin abubuwan da kamfani ya keɓe, wato irin mutuwar da ba ya biya. Galibi za ki ga yaƙi, tarzoma, ta'addanci, da mutuwar wanda shi kansa ke cikin aikata laifi. Nan ne rahoton jandarma yake da nauyi: idan ya nuna fashi ne, kuma marigayin matafiyi ne da aka afka wa, kamfani ba shi da madogara. In suka kira abin ta'addanci, ki ce su nuna miki layin a rubuce, domin doka ba ta yarda da keɓewar da ba a rubuta ɓaro-ɓaro ba.

Ki sanar da su da wasiƙa yanzu, kada ki jira fita takaba. Wani ɗan'uwa zai iya kai ta, a buga masa hatimi a kwafi. Sai ki haɗa kwangilar, takardar mutuwa, takardar likita mai faɗin sanadi, rahoton jandarma, katinki na shaida da takardun haihuwar yara. Ranar da takardu suka cika, ki karɓi rasit: daga nan wata 1 kamfani yake da shi ya biya, sai dai binciken kotu kan ja lokaci idan ana zargin wani cikin masu cin gajiya.

Ki duba kuma ko marigayin yana biyan kuɗin zubi har zuwa rasuwarsa, don kwangilar da aka soke saboda rashin biya tana hana iyali da dama samun komai. Idan suka ƙi biya, ki nemi dalili a rubuce, ki kai ƙara ofishin kula da inshora na ma'aikatar kuɗi a Yamai, ko babbar kotun Maraɗi.