Tambaya da amsa: In na samu kati mai ƙarfi a ƙaramin teburin foka mai iyaka, in yi likimo ko in zuba?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina buga foka, wasan kati na kuɗi, irin ta holdem mai iyaka, wato abinda ake zubawa a ƙayyade yake, tebur 2/4, 2 a zagayen farko, 4 a na ƙarshe. Rannan ina riƙe da takwas biyu, mu shida muka shiga, aka buɗe katunan tsakiya uku sai ga sarki, takwas da bakwai, sarkin da bakwai ɗin duk masu zuciya. Kaga na haɗa takwas uku kenan. Sai nace bari in yi likimo, in ɓoye ƙarfin katina kar in kore su, na wuce ban zuba ba, kowa ma ya wuce. Kati na huɗu ya faɗo tara, na zuba, wani ya ƙara min, ashe jak da goma ne a hannunsa ya haɗa jeri daga bakwai zuwa jak ya kwashe komai. Rashin sa'a ne ko ni na yi kuskure?

Amsa: Ɗan'uwa duka biyun ne, amma kuskuren naka ya riga rashin sa'ar zuwa. Kuma ba a inda kake zato yake ba.

Nasan abinda ke cin ranka, kana cewa da na zuba da mai jak da goman nan ya gudu. Gaskiya da wuya. Mu lissafa, ku shida kowa ya sa 2, akwai 12 a tukunya, wato kuɗin da aka tara a tsakiya. Ka zuba 2 ta zama 14, in mutum uku suka bi kafin a zo kansa ta kai 20. Shi tara kawai yake nema, guda 4 ne cikin katuna 47 da bai gani ba, kusan sau 1 cikin 12 kenan. Zai biya 2 don ya ci 20, lissafin bai cika masa ba amma saura kaɗan, kuma mutanen ƙananan tebura ko lissafin bai zo kusa ba bi suke yi. To da ka zuba ma wataƙila wannan hannun haka zai ƙare, taran ta faɗo ya ci.

Asarar taka ita ce kuɗin da baka karɓa ba. Mutum biyar na zaune a gabanka, yawancinsu a shirye suke su sa 2 a lokacin da kai ne gaba da kowa nesa ba kusa ba, kai kuma ka ce musu ku barshi, ku kalli kati na gaba kyauta. Ka ɗauka huɗu ne suka bi, kai ka sa 2 su sun sa 8, ko da rabin lokaci kaɗai kake cin irin wannan hannun, 5 ke dawo maka a kan 2 da ka sa. Wannan ribar ita ka yafe, kuma ko da ka ci tukunyar rannan ka yafe ta ɗin, sai dai ba zaka ji zafin ba balle ka turo tambaya.

Abinda mutane ke mantawa shi ne likimo dabara ce da ta fi dacewa da wasan da babu iyaka. Can in ka yi shiru zagaye ɗaya zaka iya ramawa daga baya, ka tura duk abinda ke gabanka lokaci guda. A mai iyaka babu wannan. Zagaye huɗu ne kacal, biyun farko 2 ake zubawa, biyun ƙarshe 4, ƙari ma a yawancin wurare sau uku ne a rufe. Zagayen da ya wuce baka zuba ba ya tafi kenan, babu ƙofar da zaka bi ka dawo dashi.

Sannan dubi katunan da aka buɗe maka. Sarki, takwas, bakwai, biyu masu zuciya. Wallahi wannan ba wajen kwanciya bane. Duk mai zuciya biyu a hannu yana da kati 9 da zasu haɗa masa launi ɗaya, wato kati biyar duk masu zuciya, kusan kashi 19 cikin 100 a kati na gaba, kusan 35 in ya ga biyun da suka rage. Mai tara da goma, ko shida da tara, ko biyar da shida, jerinsa a buɗe yake ta kai biyu, kati 8 kenan, wajen kashi 31 zuwa ƙarshe. Waɗannan ba zasu ajiye ba ko me ka yi, kuma ba laifinsu bane, lissafi na tare dasu. Tunda dole su zauna, ai sai su biya kuɗin zama. Mai sarki kuma, wanda shi ne babban kwastomanka, yanzu yake jin kansa, yana iya ma ƙara maka ka sake ƙarawa. Bari zuciya ta uku ta faɗo ka ga yadda zai ƙame, ya koma bi kawai ko ya ajiye. Wato jiran da kake yi yana iya kashe maka kasuwa ko da baka faɗi ba.

Masu son likimo suna da hujja ɗaya mai ɗan nauyi, suna cewa ai a kati na huɗu kuɗin ke ninkawa, gara in jira in ƙara a kan 4 maimakon 2. Eh, in kai da mutum ɗaya ne kuma irin mai zafin hannun nan da baya iya barin zagaye ya wuce, wannan tana aiki. Amma a ƙaramin tebur mutane mabiya ne, ba masu zubawa ba. Kai kana jira wani ya zuba, su ma duk jiran suke, shikenan zagaye ya mutu, abinda ya faru da kai kenan. Kuma wannan salon na in bi a hankali sai a kati na huɗu in ƙara, ko wanda ya fara wasa watan jiya ya san ma'anarsa. Wanda ya zuba tun farko shi ne ba a gane shi, za a ce sarki ne dashi ko yana neman launi.

Yaushe likimo ke da amfani to? Sai abubuwa sun haɗu. Katinka ya yi ƙarfin da kati na gaba ba zai iya cutar da kai ba sai da ƙyar, kuma zai iya ba abokin wasa abinda zai ruɗe shi ya biyo ka, tukunyar ƙarama ce, kuma ka tabbata in ka zuba yanzu kowa ajiyewa zai yi. Misali kana da sarki biyu, aka buɗe sarki, bakwai, biyu, kowanne launinsa daban, ku biyu ko uku ne kawai. Sarki ɗaya ya rage a duk katunan, babu mai neman launi, babu jerin kirki. Nan in ka wuce sau ɗaya ko wani zai samu babban kati irin as ko kwin ya ji ƙarfi, ban ce komai ba. Sau ɗaya fa. Ni kaina na taɓa haɗa tara huɗu tun a buɗewar farko, na wuce, kati na huɗu na sake wucewa ina ta wani basarwa kamar barci nake ji, a ƙarshe na zuba 4 mutum ɗaya ya bi. Da aka buɗe ashe goma biyu ne dashi, da tun farko na zuba da ya bi ni har gida.

Kar ka haɗa likimo da wucewa don ka ƙara a zagaye ɗaya, wannan daban ne. In wanda ya ƙara kafin a buɗe kati yana hagunka kuma ka san zai zuba, sai ka wuce, ya zuba, kowa ya bi, ya dawo kanka ka ƙara, ka kama su biyu biyu. In kuma yana damanka, shi ne na ƙarshe, kai zaka fara zubawa, na tsakiya su bi, shi ya ƙara, ka sake ƙarawa. A hannunka babu wanda ya ƙara tun farko, to babu wanda zaka dogara dashi, zubawa ce kawai.

Haka as biyu kafin a buɗe komai, tunda nasan ita ce tambaya ta gaba. Da mutum ɗaya kana ci kusan kashi 85, da mutum biyar ya sauko wajen rabi. Rabin nan ma riba ce babba tunda kashi ɗaya cikin shida na kuɗin ka sa, don haka ka ƙara, zasu bi.

Bayan taran nan ta faɗo kuwa, baka yi laifi ba da ka zuba, kuma baka yi laifi ba da ka bi ƙarinsa. Akwai 12, ka sa 4, ya sa 8, tukunya 24 kana biyan 4. Kati 10 ne ke cetonka, don zasu haɗa maka abinda ya fi jeri, sarki uku, bakwai uku, tara uku da takwas ɗayan da ya rage, cikin 46, kusan kashi 22. Lissafin ya fi ƙarfin ajiyewa. In kati na biyar ya maimaita ɗaya daga cikin na tsakiya sai ka zuba ko ka ƙara, in bai maimaita ba ka wuce ka biya 4 ka ga abinda ke hannunsa, don a irin wannan teburin mai sarki da tara ma haka zai ƙara maka.