Ma'anar "put off" da yadda ake amfani da shi a Turanci

Tambaya: Malam, ina yawan cin karo da "put off" a rubuce-rubucen Turanci, kuma yana rikita ni, domin wani lokaci ina ganin kamar ɗage abu ake nufi, wani lokaci kuma kamar soke shi. Wanne ne daidai, kuma yaya ake saka shi a jimla?

Amsa: Ma'anarsa ta farko, wadda kuma ta fi yawa a bakin masu harshen, ita ce ɗage abu zuwa wani lokaci. Idan aka ce "They put off the meeting until Monday", taron yana nan, ranarsa kawai aka mayar Litinin. Sokewa aikin "call off" ne, kuma wajibi ne mai koyo ya bambance su, domin wanda ya musanya su a saƙo zai iya sa mutane su fasa zuwa taron da ba a fasa ba.

Sau da yawa "put off" yana nuna jan ƙafa, wato jinkirta abin da mutum ba ya son yi, kamar a cikin "I keep putting off going to the dentist". Saboda haka a wasiƙar ofis na fi ba da shawarar "postpone", wanda ba ya ɗora wa kowa zargin kasala. A lura cewa aikatau da ya biyo bayan "put off" yana ƙarewa da "-ing", don haka "put off to go" kuskure ne.

Inda masu koyo suka fi tuntuɓe shi ne tsarin kalmomin. Ana iya cewa "put off the trip" ko "put the trip off", amma idan wakilin suna ne ya maye gurbin sunan, dole ya shiga tsakiya: "put it off". Siffar "put" kuma ba ta canzawa ko da aikin ya riga ya wuce.

Akwai ma'ana ta biyu, wato sa wani abu ya fita daga ran mutum. "The smell put me off the food" na nufin warin ya sa abincin ya fita daga raina. Game da kashe fitila ko talabijin kuwa, ko da yake masu koyo da dama suna cewa "put off the light", abin da masu harshen suka saba faɗa shi ne "turn off" ko "switch off", kuma su ya kamata ka rubuta a jarrabawa.