Me Ya Kai Makaɗan Jaz Aikin Haya a Situdiyo?

Tambaya: Ina yawan sauraron tsofaffin waƙoƙin Amurka na shekarun 1950. Wani abokina ya ce mini masu buga gangar da ke ciki, da yawansu tsofaffin makaɗan jaz ne da ake ɗaukowa haya. Gaskiya ne? In haka ne, me ya raba su da jaz ɗin?

Amsa: Malam, abokinka bai yi ƙarya ba, musamman a fayafayan da aka naɗa a New York. Abin da ya raba su da jaz kuwa neman abinci ne. Rayuwar mai buga ganga Panama Francis kaɗai ta isa misali.

Sunansa na yanka David Albert Francis, an haife shi a Miami ranar 21 ga Disamba, 1918. Ya fara sana'a yana matashi a ƙungiyar George Kelly a Florida, ya nufi New York a 1938. Wata hular malafa ta Panama da yake sawa lokacin da ya shiga ƙungiyar Roy Eldridge ita ta jawo masa laƙabin da ya bi shi har kabari.

Makarantarsa ta gaske ita ce zauren rawa na Savoy da ke unguwar Harlem a New York, inda ya yi ta kiɗa da ƙungiyar Lucky Millinder daga 1940. Savoy dandamali biyu na makaɗa gare shi: waɗannan na sauka, waɗancan na ɗauka, kiɗa ba ya yankewa. Masu rawar Lindy Hop ba sa yi wa makaɗi kara. In bugunka ya yi sanyi ko ya yi gaggawa, a ƙafafunsu za ka gani tun kafin shugaban ƙungiya ya harare ka. A nan Francis ya koyi riƙe bugu daram, da danna bugu na biyu da na huɗu da ƙarfi yadda jiki zai motsa ko mutum bai shirya ba. Millinder kuma dama ya fara karkata ga kiɗa mai zafi, har Sister Rosetta Tharpe da Wynonie Harris sun yi waƙa a gabansa.

Sai kasuwa ta juya. Ƙungiyar ƙwadagon makaɗa ta Amurka ta hana membobinta naɗar fayafayai daga 1942 zuwa 1944, abin da ya ɗaga darajar mawaƙa a kan makaɗa. Gwamnati ta ɗora haraji mai nauyi kan wuraren rawa a 1944. Ɗaukar nauyin mutum goma sha biyar ko fiye, da motarsu da masaukinsu, ya gagari shugabannin ƙungiyoyin kiɗa. Cab Calloway, wanda Francis ya yi wa kiɗa daga 1947 zuwa 1952, shi kansa sai da ya rage ƙungiyarsa ta koma 'yar ƙarama.

Situdiyo ce ta karɓe su. Tsarin aikin a lokacin: zaman awa uku, ana son waƙa huɗu, a biya ka ladan da ƙungiyar ƙwadago ta yanka, ka kama gabanka. Ko faifan ya sayar da miliyan, ba ka da kaso, sunanka ma ba ya kan tambarin. Kamar dai a gidan biki ne, kowa ya san mawaƙi, amma wa ke tambayar sunan mai kalangu? Kamfanoni na neman wanda ya iya karanta rubutun kiɗa, mai zuwa kan lokaci, wanda zai kama waƙa a gwaji ɗaya ko biyu, domin kowane minti kuɗi ne. Francis ya cika duka. Shi ne ya buga ganga a “Jim Dandy” ta LaVern Baker, da “Splish Splash” ta Bobby Darin a 1958, da “Big Girls Don't Cry” ta Four Seasons a 1962, da “Prisoner of Love” ta James Brown.

Wasu masu sharhin jaz suna ganin wannan faɗuwa ce daga matsayi. Ni ban yarda ba. Saurari “Jim Dandy” da kyau, za ka ji bugun Savoy ne aka rage masa ado, aka ƙara masa nauyi saboda matasa. Sauƙaƙa kiɗa ba tare da ya mutu ba gwaninta ce da ba kowane gwanin jaz ke da ita ba.

A 1979 ya kafa tasa ƙungiyar, ya raɗa mata Savoy Sultans, sunan tsohuwar ƙungiyar Al Cooper da ta yi zamani a zauren. Sun zagaya Amurka da Turai suna kiɗan rawa irin na da, wannan karon da sunansa a gaban faifai. Ya rasu a Orlando ranar 13 ga Nuwamba, 2001, yana da shekara 82.